Jaka Dubu Uku

Kayanmu duk suna ɗaure ranar da maganar ta tashi. Na riga na kwance gado, na zuba kwanuka a buhu, labule ma na cire, har maƙwabta sun fara shigowa sallama suna kwasar tarkacen da na ce ba zan tafi da su ba. A kan tabarma muke kwana ni da yara, tukunya ɗaya rak na bari a waje. Saura kwana takwas mu bar Tsafe mu koma Gusau, alhali takardar gidan da za mu sayar ba ta hannunmu.

Ga yadda abin yake. Shekara goma sha ɗaya kafin nan, muna cikin ginin gidan kuɗi suka ƙare mana, ga damina ta kawo kai, ba rufi ba ƙofa. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya kama hannun maigidana ya kai shi Bungudu wurin amininsa, wani dattijo mai fataucin shanu. Tun ina yarinya nake ce masa Baba, matarsa kuwa Inna. Baba ya ba mu naira dubu ɗari shida, muka jinginar masa da takardar gidan, ya rubuta yarjejeniya da hannunsa da ajami. Sau uku Malam, wato maigidana, yana kai masa wani abu daga ciki, yana maido shi. Ya ce shi ba ya lissafin gutsuri-gutsuri, mu tara mu kawo gaba ɗaya, shi ba gaggawa yake ba. Mu kuma da muka ga ba a matsa mana, sai muka miƙe ƙafa. Wannan laifinmu ne, ba na ɗora wa kowa.

Abin da ya tayar da mu daga Tsafe hanya ce. Malam a Gusau yake aiki, kullum sai ya je ya dawo, kuma kowa ya san abin da hanyar nan ta zama. Akwai ranar da aka tare motar da ke gabansu, su direbansu ya yi kwana da su cikin gona, Malam ya dawo gida ba takalmi ƙafa ɗaya. Tun daga ranar, in ya fita da safe ba na iya haɗiye abinci sai na ji sallamarsa. Ina cikin aji ina koya wa yara jimla, kunnena yana kan waya. Na ce masa ko a ɗaki ɗaya ne mu koma Gusau, ni na gaji da wannan zaman.

Sai Allah Ya kawo wani ɗan gida a Gusau, ciki biyu da falo, daga nan zuwa ofis ɗinsu tafiyar ƙafa ce. Malam ya sayar da babur ɗinsa, ni na sayar da 'yan kunnena na aure, muka ba da kafin alƙalami. Dillali ya ce ranar Litinin a cika, in ba haka ba kuɗinmu sun bi ruwa, akwai masu jira. A Tsafe kuma wani Alhaji mai sayen hatsi ya taya gidanmu muka sallama, amma ya ce ba zai fitar da ko sisi ba sai ya ga takardar asali ranar Juma'a bayan an sauko. Dubu ɗari shidan fansa kuwa na tara su daga adashin shekara biyu da kuɗin saniyata. Komai ya jeru, abin da ya rage kawai a je Bungudu a karɓo takarda.

Sai dai Baba ya rasu wata biyar kafin nan. Mun je gaisuwa, mun yi kuka, amma wa zai ɗaga maganar jingina a gidan makoki? Al'amuran gidan sun koma hannun babban ɗansa, wanda nake ce wa Yaya, mutumin da ya goya ni ina ƙarama. Ya daɗe ba ya gari, shekara da shekaru yana kasuwancinsa a Maraɗi, rasuwar ce ta dawo da shi.

Ranar Talata muka kama hanya da sassafe, kuɗin suna cikin zanen goyo na ɗaure su a ƙugu. Da muka zo wajen duwatsun Kwatarkwashi motar ta yi tsit, kowa yana motsa baki. Muka wuce Gusau, muka isa Bungudu da hantsi. Na kwance kuɗin na ba Malam, ya tsaya a zaure wurin Yaya, ni na shige ciki. Inna ta fita takaba ba da daɗewa ba, ta rame, amma bakinta yana nan. Ta dube ni ta ce ashe malaman makaranta ma suna ƙiba, ta dama min fura da hannunta. Muna cikin hira Malam ya aiko in fito mu tafi. Ko rabin furar ban sha ba.

Da na ga fuskarsa na san ba lafiya. Kuɗin suna hannunsa yadda na ba shi, ko kwancewa ba a yi ba. Bai ce min komai ba sai da muka yi nisa da ƙofar gidan.

Ya ce, "Yayanki ya ce miliyan uku ake bin mu."

Na tsaya cak a tsakiyar hanya. Na ce, "Miliyan me?"

Ashe da Yaya ya ɗauko takardar jingina, abin da Baba ya rubuta shi ne ya ba mu jaka dubu uku. Baba mutumin da ne, bai taɓa lissafi da naira ba, da jaka yake yi, kuma jaka a wurinmu naira ɗari biyu ce. Jaka dubu uku, dubu ɗari shida ke nan cif. Shi kuwa Yaya ya ce a inda ya zauna jaka dubu ce, kuma mahaifinsa ma ya yi shekaru yana kai shanu can, da bakin can yake lissafi. Dubu sau dubu uku, miliyan uku. Shaidun da suka sa hannu su biyu ne, mahaifina da limamin unguwar, dukansu suna ƙasa.

Na ce wa Malam, "To kai me ka ce masa?"

"Na ce masa ni na karɓi kuɗin da hannuna, na san ko nawa ne."

"Shi ya ce me?"

"Ya ce ba ya ƙaryata ni, amma wanda ake bi ba ya zama shaidar kansa."

Na ce mu koma. Malam ya ce ba za mu koma ba, a bari ran kowa ya huce. Haka yake, Allah Ya zuba masa sanyi, in gida yana cin wuta sai ya tsaya neman takalminsa. Ni kuwa ba haka aka yi ni ba. Tun daga Bungudu har Tsafe ban yi masa magana ba, ina zaune a gefen taga ina lissafi. Babur ya tafi, 'yan kunne sun tafi, saniya ta tafi, kuma Malam zai ci gaba da bin hanyar nan safe da yamma har ranar da za a kira ni a waya.

Laraba na wuni kamar mahaukaciya. Duk wanda na gamu da shi sai na tare shi na ce, jaka nawa ce? Tsohuwa mai daddawa ta ce ɗari biyu mana, Malama, yau kuma gwada ni kike? Mai nama ya ce ɗari biyu. Na shiga makaranta na tambayi malamai a ofis, manyan suka ce ɗari biyu, sai wata sabuwar malama ta ce ita dai a waya in an ce jaka goma dubu goma ake nufi. Wallahi kamar in mare ta, baiwar Allah ba ta san me ta taka ba. A nan na gane in aka je gaban alƙali za a sami masu cewa haka da masu cewa haka, kuma shari'a ba ta ƙarewa kafin Juma'a.

Da la'asar Alhaji mai hatsi ya biyo ta ƙofar gida, wai ya zo duba inda zai fasa shago. Ya ga buhuna a tsakar gida ya ce ma sha Allah, an shirya, takarda dai ta iso ko? Malam ya ce in sha Allahu. Alhaji ya ce to madalla, don akwai wani gida da ake ta yi masa talla a bayan kasuwa, shi dai alkawari ne ya riƙe shi. Yana fita dillalin Gusau ya kira, shi ma da nasa tunin. Malam ya ce zai nemi wani dattijo ya shiga tsakani mako mai zuwa. Mako mai zuwa! Na ce masa ya je aikinsa gobe, ni zan koma Bungudu. Ya ce in dai zan je, in riƙe harshena. Na ce to.

Ban riƙe ba.

Na isa ranar Alhamis wajen ƙarfe goma sha ɗaya da kuɗin a ƙugu, na tarar da Yaya a zaure da baƙi biyu. Da ina da hankali da na wuce ciki na jira su tashi. Ina! Na yi sallama na durƙusa a bakin ƙofa, gaisuwar ma a tsaitsaye na yi ta, na ce na zo karɓar takardar gidana.

Ya ce, "Ƙanwata, shiga ciki, in na sallami baƙi ma yi magana."

Na ce, "A nan za a yi ta, Yaya. Baƙin ma su ji. Ku don Allah, jaka nawa ce?"

Mutanen suka sunkuyar da kai. Yaya ya ce, cikin natsuwa, shi ba cutarmu yake so ya yi ba, amana ce a wuyansa, dukiyar magada ce, ba shi da ikon ya rage ko kwabo a kan maganar baki. In muna da shaida mu kawo. Wannan natsuwar tasa ita ta ƙara tunzura ni. Na miƙe tsaye. Na ce shekara goma sha ɗaya Baba bai taɓa ɗaga mana murya ba, yau ƙasa ba ta gama bushewa a kansa ba an mai da gidansa gidan ɓarayi. Na ce ɓarayin daji sun fi ku, su ko ba komai ba sa kiran mutum ƙanwa kafin su yanke shi. Haka na faɗa, da ƙarfi, har yaran maƙwabta suka leƙo. Ina rubuta wannan yanzu kunya tana kama ni.

Idanun Yaya suka yi ja. Baƙin suka lallaɓa suka fice. Sai muka ji murya daga cikin gida.

"Ku shigo nan, ku biyun."

Inna ce. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsinkar zogale a faranti, ba ta ko ɗago ba. Muka zauna a gabanta kamar yaran da aka kama suna faɗa. Ta ce, "Mi ya haɗa ku?"

Yaya ya yi mata bayani, kuma ban ga inda ya karkata ba, ya faɗi nasa ya faɗi namu. Ya ce takarda ta ce jaka dubu uku, shi a lissafinsa miliyan uku ke nan, kamar yadda ya gaya mata tun ranar rabo.

Inna ta ce, "Awo, ka gaya mani. Ni ban san miliyan ba, na ɗauka sabon sunan kuɗɗin ne. Miliyan ukun nan, jaka nawa ce a jakarmu ta nan?"

Ni malamar lissafi ni na amsa, na ce, "Jaka dubu goma sha biyar, Inna."

Ta ajiye farantin. Ni dai na san duk abin da ya fito daga bakin matar nan shi ke nan, ba wanda zai ɗaga shi.

Ta ce, "A'a. Ba su kai haka ba. Ni na ƙirga kuɗɗin nan. Bijimai ubanka ya saisuwa ranar kasuwa, ya kawo mani kuɗɗin cikin buhun gishiri ya ce in ware mashi na Tsafe. Ɗauri talatin na yi, kowane ɗauri jaka ɗari, 'yan ɗari biyu-biyu. Da zaren saƙata na ɗaure su. Ubanka bai taɓa lissafin gida da jakar Maraɗi ba, sai in da mutanen can yake magana."

Ɗaurin zaren nan na tuna da shi. Baƙin zare ne, ni na warware shi a Tsafe ranar da za a biya masu kwanon rufi, har na yi ta tsokanar Malam wai an ba shi kuɗin tsofaffi. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga ba a buƙatar maganata.

Yaya ya ce, "Inna, kin san abin da kike faɗa kuwa?"

Ta ce, "Na sani. Tashi ka ɗauko mata takardarta."

Ya tashi ya ɗauko. Na kwance kuɗin na ajiye a gabansa, ya ce ba shi zan ba ba, in ba Inna. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka girmamawa ce. Ta karɓa ba ta ƙirga ba, ta tura ƙarƙashin tabarma, ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Ni kuwa na rungume takardar gidana, wani daɗi ya cika ni, har da ɗan jin kai na wadda ta yi nasara. Na yi godiya sama-sama na ce zan kama hanya kafin rana ta yi.

Yaya ya rako ni zaure. A nan ya tsaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kin san rabon wa ne bashin nan?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce da aka zo rabon gado, shi ya karanta takardun ya rubuta miliyan uku a jerin dukiya, ba wanda ya ce a kawo a gani. Gonaki da shanu aka raba wa 'ya'ya. Inna da kanta ta ce a bar mata bashin Tsafe a matsayin tumuninta na gado, don ita ba ta iya noma ba ta iya kiwo, kuma ta san 'yarta ta Tsafe ba za ta cinye mata ba. Da shi ta yi niyyar gyara ɗakinta da ke zuba, ta biya kujerar Makka in ya isa, abin da ya rage ta ci har ƙarshen ranta. Ya ce, "Shi ya sa na kafe. Na ɗauka haƙƙinta nake tsarewa. Yanzu kashi ɗaya cikin biyar ya rage mata, kuma da bakinta ta rage shi."

Na ce ai sai a sake rabo, kuskure ne, shari'a ma ta yarda. Ya ce zai faɗa wa 'yan'uwa, amma wasu sun riga sun sayar da nasu, kuma ya san halin uwarsa, ba za ta yarda a tayar da gidan saboda ita ba.

Na koma ciki. Na durƙusa a gabanta, takardar tana hannuna, na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Inna, ban sani ba. Wallahi ban sani ba. In mun sayar da gidan zan ƙaro miki."

Ta ce, "Ki ƙaro mi? Abin da anka ba ku shi kunka maido. Kina so in ci abin da ba nawa ba, in je in iske Babanku can in ce mashi mi?" Ta share hannunta da gefen zane. "Tashi ki tafi, hanyarku ba ta son yamma. Allah Shi sa ku shiga sabon gida a sa'a, Shi tsare maki mijinki."

Na ce amin, hawaye suna zuba. Na miƙe har na kai bakin ƙofa, sai ta kira ni da sunan da take kirana tun ina yarinya. Na juyo. Ba faɗa a fuskarta, da faɗa ne da ya fi min sauƙi.

Ta ce, "Ɗiyata, maganar da kika yi a zaure na ji ta. Gidan ɓarayin nan, har da ni ciki?"

Ranar Juma'a Alhaji ya ga takarda ya biya. Litinin muka cika kuɗin Gusau, Laraba motar kaya ta zo. Yanzu da ƙafa Malam yake zuwa aiki, yana dawowa cin abincin rana, ni ma ina ci. Yaya ya yi ƙoƙari, biyu daga cikin ƙannensa sun haɗa kuɗi an gyara rufin ɗakin, amma Makka ba ta samu ba. Duk wata nakan shiga mota in je Bungudu da sabulu da goro, don su kaɗai take karɓa, in na sa kuɗi a ciki sai ta aiko min da su. Tana dama min fura, tana tsokanata kan ƙiba, ba ta sake ɗaga maganar ba ko sau ɗaya. Na nemi gafararta ta ce ta yafe, Yaya ma ya ce ya yafe. Amma tambayar nan ranar ban amsa ta ba, na tsaya ne kawai a bakin ƙofa da takardata a hannu, har ta sunkuya ta ci gaba da tsinkar zogale.